Ƙananan jatan landen teku da yunwa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai masu karatun kifi da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a nan Sakkwato suka sha yi mini, wasu a aji, wasu a bakin tankin kiwo, wasu ta waya bayan sallar isha'i. Na tara waɗanda suka fi maimaituwa na amsa su wuri guda. Wanda maganar Artemia, abincin 'ya'yan kifin nan da ake saye a gwangwani, kaɗai ta kawo shi, tana can ƙasa, amma zai fi gane ta in ya biyo daga farko.

Wai waɗanne halittu ne ake nufi?

Dangin jatan lande ne da ƙaguwa, masu ɓawo a waje da ƙafafu masu gaɓa-gaɓa, sai dai su ƙanana ne ƙwarai, ba su da ƙarfin ja da igiyar ruwa, inda ta nufa nan suke nufa. Biyu daga cikinsu suka fi shiga maganarmu. Na farko kofifod, wanda yawancinsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, mai ido ɗaya a tsakiyar goshi da dogayen gasu biyu da suka miƙe hagu da dama. An san nau'insa sama da 10,000, a teku da ruwan daɗi. Na biyu kiril, babba a cikin ƙanana: na tekun Antaktika yana kai santimita 6, nauyinsa har giram 2, kuma masana na ƙiyasta cewa in an haɗa shi duka zai kai tan miliyan 300 zuwa 500.

Ba sai ka je Legas ba kafin ka ga ɗan'uwansu. Ɗebi ruwan tafki ko na fadama a farar kwalba, ka bari ya kwanta. In dare ya yi ka kashe fitila, ka haska tocilan daga gefe. Za ka ga 'yan fararen ɗige-ɗige suna tafiya da zabura: tsalle, tsayawa, tsalle. Wadda ka ga tana jan 'yan ƙunshi biyu a gindinta, macen kofifod ce ɗauke da ƙwanta.

Teku ruwa ne ko'ina, ta yaya abinci zai yanke a cikinsa?

Ruwa ba abinci ba ne. Abin da suke ci gansakuka ce, amma ba mai kaurin nan da ke kwanciya a bakin rijiya ba. Ƙwayoyi ne guda-guda da ido ba ya gani, suna shawagi a cikin ruwa, kuma kusan rabin iskar oksijin da tsirrai ke samarwa a duniya daga gare su take fitowa. Abu biyu gansakuka ke buƙata, haske da taki, kuma a teku an raba musu gida. Haske na sama, bai cika wuce zurfin mita 200 ba. Taki kuwa yana ƙasa, don duk abin da ya mutu can yake nutsewa ya ruɓe. Sai an sami abin da ya dama ruwan kafin su haɗu.

A arewacin Atlantika guguwar lokacin sanyi ce ke damawa, ta ɗago takin sama, amma a lokacin babu isasshen haske. Wajen Afrilu da Mayu rana ta dawo, saman ruwa ya ɗan ɗumama ya natsu, sai gansakuka ta ɓarke har ruwan ya canza launi. 'Yan makonni ne, takin ya ƙare, shi ke nan. A can Aktik da Antaktika kuwa ana yin watanni rana ba ta leƙo ba sam. A tekunan ƙasashe masu zafi irin namu matsalar daban ce: haske ba ya yankewa, amma ruwan ɗumi ya zauna a sama ya hana na ƙasa tasowa, don haka tsakiyar tekun fatara ce shekara duka, ban da wuraren da iska ke ture ruwan sama daga gaɓa.

Ƙurar hunturun nan da ke fasa mana leɓe ma tana da hannu a ciki. Kaso mai yawa na ta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tashi, kuma wadda ta wuce mu ta faɗa Atlantika tana kai wa gansakuka sinadarin ƙarfe da fosfaras.

In abinci ya fara ja baya, me suke fara yi?

Su canza abin da suke ci, su canza yadda suke cinsa. Akwai wani kofifod na bakin gaɓa mai suna Acartia. In gansakuka ta yi yawa yakan kaɗa 'yan ƙafafun bakinsa ya jawo ruwa ya tsinci ƙwayoyin. In ta yi ƙaranci sai ya daina kaɗawa, ya yi lamo yana nutsewa a hankali, gasun kansa a buɗe suna jiran motsi. Da wata 'yar halitta ta gifta sai ya zabura ya cafke ta. Mai cin ganye ya koma mafarauci. Wani kuma, Oithona, kwanton ɓauna shi ne sana'arsa tun asali. Ba ya yawan motsi, ba ya ƙona ƙarfi, shi ya sa ake samunsa har a ruwan da sauran suka kasa zama.

Abu na biyu, mace ta rage ƙwai. Acartia ba ta da wata ajiya a jiki, abin da ta ci yau shi ne ƙwan gobe, don haka cikin kwana ɗaya ko biyu ake ganin yunwa a yawan ƙwanta. In abin ya yi tsanani kuma, manya kan cinye ƙwai da 'ya'yan jinsinsu. Ba daɗin ji, amma haka yake.

An ce suna tara mai a jiki. Wane irin mai, kuma a ina?

Nan ne maganar ta fi daɗi. Ɗauki Calanus finmarchicus, kofifod ɗin arewacin Atlantika, mai tsawon milimita 2 zuwa 4. Daga ƙwai zuwa balaga yana bin matakai 12, kowane mataki sai ya yi saɓa ya sake ɓawo: 6 na farko yana ɗan mitsitsin abu da bai yi kama da uwarsa ba, 5 na gaba ya ɗauki siffa, na ƙarshe ya balaga. A matakan da ke dab da balaga, lokacin da gansakuka ke kan ganiyarta, ba girma kaɗai yake yi da abin da ya ci ba. Yana juya shi ya zama wani mai mai kama da kakin zuma, ya zuba a wata jaka da ta miƙe a tsawon bayansa. Jikinsa garai yake, don haka a ƙarƙashin madubin ƙara girma ana ganin jakar ƙuru-ƙuru, doguwa tana ƙyalli, wani lokaci da ɗan ja-ja. A wanda ya ƙoshi sosai takan cika yawancin cikinsa. Masu bincike daga faɗinta suke gane irin kakar da dabbar ta yi.

A nau'o'in Aktik, in aka busar da dabbar aka auna, mai kan haura rabin nauyinta. Dalilin zaɓen mai a fili yake: giram ɗaya na mai yana ba da ƙarfi fiye da ninki biyu na giram ɗaya na sitaci ko nama. Ga dabbar da ba ta da wurin ajiya sai cikinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada a ɗauka duk kofifod haka yake. Ƙananan nan na tekuna masu zafi galibi ba sa tara komai. Abinci kaɗan ne amma ba ya yankewa, don haka suna ci suna haihuwa, zuriya bayan zuriya cikin makonni. Tanadi na wanda ya san fari na tafe ne.

To bayan ya tara sai me? Kamar gaiwa ke nan da ke shiga laka?

Wanda ya yi wannan tambayar ɗan masunta ne, kuma ya kusa. Gaiwa in tafki ya fara ƙafewa takan nutsa cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta rage numfashi ta kwanta har ruwa ya dawo. Calanus ma in ya cika jakarsa yakan bar saman teku ya gangara zurfin mita 500 zuwa 1,500, wani wurin har fiye. A tekun Norwe ruwan wannan zurfin yana kusa da daskarewa, ga duhu. Nan zai daina ci, hanjinsa ya tsuke, numfashinsa ya ragu ƙwarai, ya rataye a cikin ruwa ba motsi har wata shida ko fiye. Man jakar ne abincinsa, kuma shi ne ke taimaka masa ya tsaya a zurfin ba tare da wahalar iyo ba.

Amma akwai bambanci. Gaiwa ƙafewar ruwa take gudu, kuma naman jikinta take ƙonawa. Shi kuwa yunwa yake gudu da kuma bakin kifi, domin dabba mai cike da mai a ruwa mai haske kiran maciya ce. Sanyin zurfin ma riba ne, tunda jiki mai sanyi ba ya cin ajiya da sauri. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya jira sai abinci ya ƙare ƙaf. Da jakar ta cika yake sauka, ko da akwai saura a sama.

Yaushe yake tasowa?

Tun kafin abincin ya zo. A ƙarshen sanyi, tsakanin Janairu da Maris gwargwadon wuri, yake farkawa, ya yi saɓar ƙarshe ya balaga, a yi barbara, mata su hau sama su jira. Dole ne ya yi sammako, domin in ya bari sai gansakuka ta ɓarke sannan ya fara shiri, kafin 'ya'yansa su isa cin abinci an share wurin.

Nau'o'in sun rabu a nan. Macen Calanus finmarchicus tana buƙatar ta ci sabon abinci kafin ta yi ƙwai da yawa. Babbar 'yar'uwarta ta Aktik, Calanus hyperboreus, ba ta jira. Tun tana can ƙasa cikin duhun sanyi take zuba ƙwai da man da ta tara bara, ƙwan su taso sama da kansu saboda maiƙonsu. Ita ce kuma in shekara ta yi kyau ta girma da wuri, in ta ɓaci ta koma barci ta ƙara wata, har rayuwarta kan kai shekara 3 ko 4. A arewacin Fasifik akwai Neocalanus, wanda in ya balaga ko bakin cin abinci na kirki ba shi da shi, ba zai sake ci ba har ya mutu. Duk ƙwan da macen za ta yi daga tsohuwar ajiya ne. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Duk misalan nan na ƙasashen ƙanƙara ne. A tekun Afirka fa?

Akwai, kuma kusa da mu. A gaɓar Gana da Kwaddibuwa, daga Yuli zuwa Satumba, ruwan ƙasa mai sanyi da taki yana tasowa sama, gansakuka ta yi yawa. A daidai lokacin wani kofifod mai suna Calanoides ke bayyana ya cika ruwan. Cikin mako biyu zuwa uku ƙwansa ya zama babba, a yi zuriya da yawa a jere. Da ruwa ya fara ɗumi sai 'yan matakin dab da balaga su cika jaka da mai su gangara ƙasa da mita 500, ba a sake ganinsu a sama sai baɗi. Babu ƙanƙara, babu dogon duhu, amma dabara ɗaya ce, domin matsalar ɗaya ce: abinci mai zuwa da lokaci. Kifin sardin da masuntan Elmina da Tema ke cika kwale-kwale da shi a waɗannan watanni, wannan kofifod ɗin na cikin abin da yake ƙiba da shi.

Da gaske ne kiril na ƙanƙancewa in ya ji yunwa?

Da gaske ne. Yawancin masu ɓawo suna saɓa ne don su girma. Kiril ɗin Antaktika kuwa ko babu abinci yana ci gaba da saɓa, sai dai kowane sabon ɓawo ya fi na baya ƙanƙanta, yana cin naman jikinsa yana raguwa. A wani gwaji da aka buga a 1982 an ajiye shi kwana 211 ba abinci, bai mutu ba. Idonsa ne kaɗai ba ya raguwa, shi ya sa in aka kama kiril mai manyan idanu da ɗan jiki an san ya sha wuya. Wannan ya sa auna shekarunsa da tsawo ba ya yiwuwa, tsoho kan fi yaro ƙanƙanta.

Manya ne ke iya wannan. 'Ya'yan shekarar farko ba su da jikin da za su ci, don haka ƙarƙashin ƙanƙarar da ta rufe teku suke fakewa, suna kankarar gansakukar da ta manne a jikinta. Shekarar da ƙanƙara ta yi ƙaranci ko ta makara, su ne ke fara shan kashi.

Me ya sa suke hawa sama da dare su sauka da rana?

Abinci na sama, mutuwa ma na sama. Kifi da ido yake farauta, don haka sai duhu ya yi suke hawa su ci, kafin gari ya waye su koma ƙasa, wasu mita gomai, wasu ɗaruruwa. In aka auna da nauyin masu tafiyar, babu ƙaurar dabbobi a duniya da ta kai wannan, kuma kullum ake yin ta. A 1942 sojojin ruwan Amurka masu gwada na'urar gano jiragen ƙarƙashin teku sun riƙa ganin wani abu kamar ƙasan teku a zurfin da bai kamata ba, yana hawa da magariba yana sauka da asuba. Daga baya aka gane taron ƙananan kifaye ne da kiril da makamantansu.

Inda yunwa ta shigo shi ne, ba kowa ke hawa ba. Wanda jakarsa ta cika yakan yi zamansa a ƙasa, mai ramar ne ke kasada, ya hau da wuri ya daɗe a sama. A Aktik, cikin watannin da babu rana, an gano suna bin hasken farin wata.

Waɗanda ba su da jakar mai, yaya zuriyarsu ke tsallake fari?

Su bar iyaye su mutu, ƙwai ya jira. Kofifod da yawa na bakin gaɓa, in lokaci ya fara juyawa, sukan yi wani ƙwai mai kaurin ɓawo da ba ya ƙyanƙyashewa nan take. Ya nutse cikin laka ya kwanta watanni, wani shekaru. A wani ƙaramin tafki a Amurka an tono ƙwan kofifod da ya haura shekara 300 a cikin laka, aka sa shi a ruwa ya ƙyanƙyashe. Kuma ba duka suke farkawa shekara ɗaya ba, saboda haka ko an yi mummunar shekara akwai sauran iri a ƙasa.

In ruwa ya yi kore shar, an ƙoshi ke nan?

A'a, kuma masu kiwo su riƙe wannan. Cika ciki daban, gina jiki daban. Akwai wasu nau'o'in mai, waɗanda ake kira omega-3, da kofifod ba ya iya haɗa isassu da kansa, sai ya samo daga gansakuka, kuma ba kowace gansakuka ke da su ba. Mace na iya cin ta ƙoshi ta yi ƙwai, ƙwan su ƙi fashewa. A 1999 masu bincike a Italiya sun nuna cewa wasu nau'o'in gansakuka masu ɓawon gilashi, in an tauna su, suna sakin sinadarin da ke lalata ƙwan wanda ya ci su. Wasu kuma guba gare su kai tsaye. Kofifod ba ya haɗiye komai ido rufe: yana riƙe ƙwaya ya ɗanɗana, in ba ta yi masa ba ya jefar. Wanda ya sami gauraye ya fi wanda ya sami tulin abu ɗaya.

Tunda suna da dabaru haka, ɗumamar yanayi ba za ta dame su ba ke nan?

A nan ne nake rabuwa da masu cewa halitta za ta san yadda ta yi. Duk dabarun da na lissafa na jure yunwar da aka san lokacin zuwanta ne da lokacin tafiyarta. Ƙarancin abinci ba sabon abu ba ne a wurinsu. Abin da ke karya su shi ne lokaci ya goce: a taso a tarar an gama, ko a zo da wuri a ƙone ajiya ana jira. Ruwa mai ɗumi kuma yana sa jiki cin mai da sauri, jakar da ke kai wata shida ta kasa kaiwa. Wani masanin kifi ɗan Ingila, David Cushing, shi ya shahara da bayanin cewa yawan kifin da za a samu a shekara ya rataya a kan ko 'ya'yan kifi sun fito daidai da abincinsu ko sun saɓa.

Ba hasashe ba ne. Tun 1931 ake ɗaura wa jiragen 'yan kasuwa wata na'ura da Alister Hardy ya ƙirƙira, tana tace ruwa a kan ƙyallen siliki mai naɗewa a hankali, a kai ɗakin bincike a ƙirga abin da ya maƙale. Daga wannan tarihin aka ga cewa tsakanin 1960 da 1999 kofifod masu son ɗumi sun matsa arewa da kusan kilomita 1,000 a gabashin Atlantika. A Tekun Arewa, tsakanin Birtaniya da Norwe, Calanus finmarchicus ya ja baya, wani ɗan'uwansa mai ƙarancin mai, wanda kuma sai ƙarshen shekara yake yawa, ya maye gurbinsa. 'Ya'yan kifin kod da ke fitowa a farkon shekara suka rasa abin da suka saba samu.

Har manya abin ya taɓa. Akwai wani nau'in wel, ƙatuwar dabbar ruwa mai siffar kifi, a tekun gabashin Amurka da bai kai 400 ba a duniya, abincinsa kusan duka Calanus ne mai cikakkiyar jaka. Da abincin ya ragu a wuraren da ya saba kiwo, sai ya bi shi arewa zuwa mashigin Sent Lorans na Kanada, inda ba a yi shirin zuwansa ba. A 2017 kaɗai 12 suka mutu a ruwan Kanada, wasu jirgi ya buge, wasu igiyar masunta ta sarƙe.

Malam, mu da ke Sakkwato, mi yah haɗa mu da teku?

Wani dattijo masunci ne ya yi mini ita a bakin Rima. Baba, abu biyu. Na farko yana cikin tukunya. Kifin ƙanƙarar da ake saukewa a kasuwa, titus da shawa, daga can arewacin Atlantika ake kawo mafi yawansa, ta Norwe da Holan da maƙwabtansu, kuma da Calanus ya yi ƙiba. Maiƙon nan da ke tasowa saman miya, gansakuka ce ta haɗa shi, kofifod ya tara, kifi ya kwashe, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Legas a mota ya iso mana.

Na biyu yana ƙarƙashin ƙafarmu. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya ratso Sahara ya rufe wannan yanki. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a ƙasan wannan tekun ta taru, kuma a cikinta akwai ɓawon ƙananan dangin jatan lande masu ƙwarya biyu, sai da madubi ake ganinsu. Akwai ma wani ƙaton ƙadangaren teku da aka tono ƙasusuwansa a yankin nan aka raɗa masa suna Goronyosaurus, daga Goronyo.

Na tafkunanmu ma haka suke yi?

Haka suke yi, sai dai su bayan yunwa har da ƙafewa. Daphnia da Moina, ƙananan dangin jatan lande na ruwan daɗi waɗanda masu ƙyanƙyasa suka sani, in abinci na nan duk mata ne, suna haihuwar mata ba tare da namiji ba. Da abinci ya ragu ko wuri ya cushe sai a fara haifar maza, a yi barbara, mace ta yi ƙwai a cikin wani baƙin kube mai jure rana. Tafki ya bushe a bazara, shanu su tattake, iska ta kwashi wasu. Ruwan farko na damina ya sauka, cikin kwanaki kududdufin ya cika da rai. Ba daga sama suka faɗo ba.

Manyanmu sun san aikin kofifod ɗin tafki ko da ba su taɓa ganinsa ba. Shi ne ke haɗiye 'ya'yan kurkunu a matsayin abinci, mutum ya sha ruwan da shi, bayan kusan shekara tsutsar ta ɓullo a ƙafa. A 1988 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Najeriya. Ƙyallen tace ruwa da aka riƙa rabawa ƙauye-ƙauye kofifod yake tarewa. An ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙasar ta rabu da shi a 2013.

Artemia da muke saye a gwangwani, me ya sa garin ke fashewa bayan ya daɗe a ajiye?

Don ba gari ba ne, ƙwai ne masu barci. Artemia ba a buɗaɗɗen teku take ba, a tafkunan gishiri take, kuma kaso mai yawa na wadda ke kasuwa daga babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka ake kwaso ta. In yanayi na da kyau uwar 'ya'ya take haifa masu rai. In gishiri ya yi yawa ko abinci ya yanke sai ta koma yin ƙwai mai ɓawo. In ya bushe, rai a cikinsa tsayawa yake cak. Giram ɗaya na ɗauke da wajen 250,000.

Abin da wannan ke nufi ga mai aiki: laima ce ke tada shi. Gwangwanin da aka buɗe aka bari a ɗaki mai zafi da damina, ƙwan sun fara farkawa suna cin guzurinsu, ranar da ka zuba su rabi ba za su fashe ba. A rufe da kyau, a sa a firji. Wajen fasawa, a yanke gindin gorar roba a kifa ta baki ƙasa, a sa gishiri giram 25 zuwa 30 a lita, ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 28, ga haske, ga iska na hurowa daga ƙasa ba yankewa. In wuta ta ɗauke ƙwan suka kwanta a kan juna an yi asara, don haka a tanadi famfon iska mai batir. Cikin awa 24 za ka ga ruwan ya koma ruwan goro yana motsi. Cire iskar, ka jira 'yan mintuna: ɓawo ya taso sama, 'ya'yan su taru ƙasa wajen haske, ka zuƙe su ka ɗauraye.

Kada a bar su su kwana. Ɗan da ya fashe yanzu gwaiduwar jikinsa yake ƙonawa, ita ce kuma abin da kake son ɗan tarwaɗa ya samu in ya fara ci a kwana na uku. Bayan 'yan awanni ya yi saɓa, ya ƙara tsawo ya rage amfani. In dole sai an ajiye, a sa a ruwa mai sanyi ƙasa da digiri 10 da 'yar iska. A ruwan daɗi ma ba sa wuce 'yan awanni, saboda haka a riƙa ba da kaɗan-kaɗan.

Artemia ta yi tsada. Zan iya kiwon Moina a gida?

Za ka iya, kuma ta fi Daphnia jure zafinmu, ko da yake a Afrilu ita ma sai an yi mata inuwa. A jiƙa busasshen kashin kaji a ɗaure cikin buhu a rataya a tanki, a bari ruwan ya yi kore, sannan a zuba iri. Cikin mako guda za ta cika wurin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga ta yi yawa a yi murna a bar ta. Da ta cinye koren ruwan ya yi garai, sai ta juya ga maza da baƙin ƙwai, washegari tanki ya zama wayam. A riƙa ɗiba kullum, a riƙa ƙara koren ruwa daga wani tanki na dabam, kada kuma a labta yis da yawa don yana cinye iskar ruwan. A ajiye tanki biyu ko uku da aka fara a ranaku daban-daban. Kafin a ba 'ya'yan kifi a tace da rariya mai laushi a duba cikin kwalba, domin manyan kofifod da suka biyo irin daga tafki suna kai wa ɗan tarwaɗa mai kwana uku hari. Tankin da ya mutu kuma kada a wanke lakarsa. A bar ta ta bushe a rana, a sake zuba ruwa, iri na ciki.